Abin da Taubashina Ya Sa a Layin Farko

Daminar da na koma Madarumfa da zama, can wajen ƙarshen shekarun casa'in, ba ni da aikin da ya wuce zaman rumfa da sa baki a hirar da ba a kira ni ba. Na ajiye aiki bayan shekaru masu yawa ina bin injunan ofisoshin duba yanayi daga wannan ƙasa zuwa waccan, na dawo da ciwon gwiwa da akwati biyu na littattafan da gara ta fi ni karantawa. Mutanen gari sun san na yi yawo, amma ba su san abin da na yi a yawon ba. Wasu na cewa tafinta ne ni, wasu na cewa gyaran rediyo na koyo wajen Nasara. Duk wanda ya faɗi nasa sai in ce masa haka ne.

Mutum ɗaya ya san ainihin sana'ata, shi ne taubashina, ɗan kawuna. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Na girme shi da shekara tara, amma tun yana yawo ba wando yake kirana bawansa, tunda ni ɗan mace ne shi ɗan namiji. Furfura ta cika mana kai ba mu daina ba. In na shiga gidansa sai ya ce a ba bawa tsintsiya, in ya shigo nawa sai in ce a ɓoye kaji.

Shekara ashirin ya yi yana tsaron magazan buron noma, tsakanin buhunan iri da ɓeraye. Sai wani furoje, wato shirin taimakon manoma, ya zo ya kafa gwangwanayen auna ruwan sama a Safo da Sarkin Yamma da wasu ƙauyuka, aka nemi mai rubutu mai tsabta, aka tura shi Maraɗi koyon aiki na mako uku. Ya dawo da ordinatar, wato kwamfuta, a bayan mota, aka ba shi ɗaki, aka ɗora faranti biyu na hasken rana a kan rufi da batiran babbar mota kamiyo a ƙarƙashin tebur. Masu duba gwangwanayen kan rubuta abin da suka samu a 'yar takarda su ba masu amalanken jaki su kawo masa. Shi kuma ya shigar da lambobin, sannan ya buga kalma ɗaya, ruwa, sai inji ya tattara komai ya fito da rahoton kwana goma. Takarda da disketi su bi taksi zuwa Maraɗi. Tun da ya samu wannan aiki tafiyarsa ma ta canza. Ya fara sa biro biyu a aljihun gaba.

Wata Litinin da hantsi na gan shi tafe ba biro ko ɗaya. Ya tsaya bakin rumfata, bai ko zauna ba.

"Bawa, tashi ka zo ka yi aikin da aka haife ka dominsa."

Na ce gwiwata ba ta san da wannan magana ba. Sai ya zauna, ya rage murya, ya gaya mini abin da ke ciki. Inji ya ƙi fitar da rahoto. Kwana goma sun zagayo har sau biyu bai aika komai ba, ga na uku sun cika. Shef, wato shugaban furoje, ya aiko da takarda cewa yana nan zuwa ranar Alhamis, in bai tarar da rahoton ba zai sa injin a mota ya tafi da shi. Magaza kuwa an riga an ba wani. Ma'ana, ranar Juma'a taubashina zai zo ya same ni a rumfa, mu zama biyu. Wannan ne ya tashe ni, don rumfar ba ta ɗaukarmu mu biyu.

Ɗakin na ƙamshin turaren wuta. Injin na sanye da riga ta atamfa da matarsa ta ɗinka masa, kuma na lura an yi masa tofi, don ga alamar a gefen ekaran, wato allon injin. Ya kunna, ya buga ruwa. Allon ya cika da ƙorafi cikin Ingilishi, layi bayan layi, wannan kalma ba a san ta ba, waccan baka ba a wurinta take ba. Shi Faransanci ya yi a lakwal, makarantar boko, bai san ko ana zaginsa ba ne. Na tambaye shi me ya taɓa. Ya rantse bai taɓa komai ba. Sau ɗaya dai ya buɗe takardar umarnin da ke cikin injin, wadda ke fitar da rahoton, don ya ƙara sunan wani sabon ƙauye kamar yadda aka koya masa, da abu ya lalace ya cire sunan, amma bai gyaru ba.

Na ja kujera na buɗe takardar. A layi na biyu ga abin da ya kamata ya zauna a na farko:

#!/usr/bin/awk -f

A samansa kuwa, an sa alamar nan mai kama da darni, an bar fili kaɗan, an rubuta Bismillahir Rahmanir Rahim, harafi bai kuskure ba.

Takardar umarni ba ta iya gudanar da kanta. Rubutu ce kawai, cikin wani yare na injuna, kuma yarukan suna da yawa, kowanne da tafintansa. Tamu an rubuta ta cikin yaren wani tafinta da ake kira awk, gwanin tattara lambobi. A can cikin inji akwai wanda ke raba aiki, Faransawa na kiransa da sunan ƙwallon da ke cikin dabino, ni ina ce masa cibiya. Cibiya ba ta jin yaren kowa. Halinta halin ɗan kamashon tashar Maraɗi ne da aka ba saƙo: ba ya kwance kaya, kusurwar kwali kawai yake dubawa ya ga direban da aka rubuta. Alama biyu take nema a farkon takarda, darni da taɓarya, wato # da !, kuma sai sun zama su ne na farko, ko fili ɗaya bai riga su ba. In ta gan su, sai ta karanta sunan tafintan da ke biye, ta kira shi, ta miƙa masa ƙulli-ƙulli a jere: sunansa shi kansa, sannan abin da aka rubuta bayan sunan, sannan sunan takardar, sannan duk abin da mai bugawa ya ƙara. Wannan ɗan -f ɗin cewa yake yi, ƙullin da ke biye da ni sunan takardar da za ka karanta ne. In kuwa cibiya ba ta ga alamominta ba, sai ta mayar da saƙon ƙofa. Mai tsaron ƙofar, wanda ke karɓar abin da aka buga a kilabiye, wato maɓallan rubutu, shi kuma ɗan karambani ne, sai ya ce bari ya karanta da kansa. Abin ya zama kamar an ba Bayarabe wasiƙar Zabarmanci ya karanta a gaban taro. Ƙorafinsa ne ya cika mana allo.

Taubashina bai yi wauta ba. A Maraɗi an gaya masa duk layin da ya fara da darni inji ba ya karanta shi, na mutane ne. Gaskiya ne kuwa, tafinta tsallake shi yake yi. Abin da ba a gaya masa ba shi ne akwai wata da ba ta karatu, leƙe kawai take yi. Shi kuma mutum ne da ko jerin buhunan gero bai taɓa rubutawa ba tare da ya fara da sunan Allah ba. Ya buɗe takarda ya gan ta a tsirara, ya suturta ta. A wurinsa wannan ba taɓawa ba ce, shi ya sa ya rantse da zuciya ɗaya.

Duk wannan ban kai minti ɗaya ina ganinsa ba. Gyaran kuma bai kai tsawon atishawa ba. Na dubi layin, na dubi ƙeyar mutumin da ya shekara hamsin yana kirana bawa, na tuna Alhamis da sauran kwana uku. Na rufe takardar, na yi ajiyar zuciya, na ce aiki ne babba.

Ya ce nawa ne girmansa. Na ce irinsa na taɓa gani a Dakar, sai da aka yi mako. Kuma ba a yinsa da yunwa, don hannu na rawa. Na ƙara da cewa irin waɗannan injuna suna jin abin da ake faɗa a ɗaki, ba sa son a raina mai gyara. Saboda haka muddin muna cikin ɗakin nan babu bawa, sai Yaya.

Ya daɗe yana kallon rufi. Sannan ya ce, "To, Yaya," kamar mai haɗiye kinin ba ruwa.

Da azahar aka kawo karfasa daga tabki, soyayya, da yaji da albasa. Matarsa ta iya suyar kifi yadda ban ci irinta ba ko a bakin teku, inda suke da kifin amma suke kashe shi da tumatir. Na ci biyu. Na kwance bayan injin na hure ƙura. Na sa shi ya riƙe wata waya sama da kansa na ɗan lokaci don a ga ko iska ce ke shiga. Ranar Talata na ce zafi ne, ya tsaya da mafici yana yi wa inji fifita, ni kuma na gyara zama ta inda iskar ke biyowa. Na sa ya jera mini sunayen ƙauyukan daga gabas zuwa yamma, sannan daga yamma zuwa gabas. Duk wanda ya leƙo ta taga sai ya tarar da ni na haɗe gira ina buga abin da ni kaina na san ba ya komai. Ranar aka kawo tarwaɗa. Na ce tarwaɗa ba ta yi wa irin wannan aiki, a koma karfasa.

Ranar Laraba matarsa ce ta kawo kwanon da kanta. Ta gaishe ni a durƙushe kamar kullum, ta ce wa mijinta ana nemansa a ƙofar buro. Da ya fita ta ajiye kwanon, ba ta buɗe ba.

"Yaya, tun Litinin ka gane abin nan."

Na ce wa ya gaya mata.

"Cin kifinka. Wanda ke neman abu bai samu ba, ba haka yake tsotsar ƙaya ba."

Ta ce mijinta kuwa rabonsa da abinci tun shekaranjiya, kunu kawai yake kurɓa. Jiya ya je bakin tabki yana tambayar masu lambu ko akwai mai ba shi aron fegi, mutumin da bai san ta inda ake riƙe guga ba. Ta ce wasan taubasai ta san shi tun a gidansu, amma nasu yakan tsaya in an ga ido ya yi ja. Ta miƙe, ta ɗauki kwanon da ta shigo da shi, ta ce za ta ajiye mini shi har a ga takarda ta fito.

Na ji kunya, kuma na ji yunwa, ban san wadda ta fi ba. Da ya dawo na ce ya ja kujera. Na buɗe takardar, na sa yatsa a layin farko, na ce ga abin da ya tsayar da aiki. Ya matso ya karanta, ya ja da baya. Ya ce in yi istigfari. Na ce sunan ba shi da laifi, inji ne dabba, alama biyu kawai ya sani a duniya kuma an tare masa su. Na yi masa bayanin ɗan kamasho da kusurwar kwali. Na ce a dawo da layin tafinta sama, bisimilla ta sauko na biyu, yanzu ya ga rahoto.

"Wato in ɗauki sunan wani awak, da ban san ubansa ba, in ɗora bisa sunan Allah."

Na ce to ina disketin asali da aka ba shi a Maraɗi, mu kwafo ta yadda take, hannunsa bai sauke komai ba. Can ya ce ita ma ya gyara ta, tun ranar, don kada a bar ta haka.

Na ce masa layi na biyu ba wulaƙanci ba ne. Ya ce wa ya taɓa kai loma baki sannan ya yi bisimilla. Na ce mutane da yawa, har addu'a aka koya mana ta wanda ya fara ci bai yi ba.

"Wannan ta wanda ya manta ce," in ji shi. "Ni ban manta ba."

Na yi jayayya da Faransawa a kan injuna, na yi da Larabawan Tunis, na yi da wani Bajamushe da ba ya yarda ya yi kuskure ko da wuta na ci a bayan inji. Duk cikinsu babu wanda ya rufe mini baki kamar yadda tsohon mai tsaron magaza ya yi a wannan rana. Na ce masa to gobe shef zai ɗauke injin. Ya ce ya sani. Ya ƙara da cewa a ɗauka. A nan na gane wasan ya fita daga hannuna. Kwana biyu ina riƙe da magani a aljihu ina taƙama, ashe mara lafiyar ba zai sha ba.

Sai wata dabara ta zo mini, kuma da na yi shiru na gwada a ɓoye da ya fi mini. Amma na buɗe baki. Na ce a Dakar akwai injin da na yi shekara huɗu da shi, kuma a can mukan rubuta abin da muka ga dama a ƙarshen layin farko, bayan -f, ba ya cewa uffan. Mu mayar da bisimillar can. Ba ta sauka ƙasa ba, tana layin farko. Ya yi ta juya maganar. Ya ce alamomin nan biyu da sunan tafinta sun riga ta dai. Na ce sahun gaba sahun gaba ne, ko a bayan liman kake ko a jikin bango. Ya ce wannan ba hujja ba ce, amma a gwada ya gani. Na gyara layin, na ce ya matsa ya ga aikin manya, na buga ruwa da yatsa ɗaya.

Layi ɗaya ya fito. Rahoto bai fito ba.

Ya ce in fassara. Na ce ba wani abu ba ne. Ya ce, "Yaya, fassara." Na fassara: tafinta na cewa an aike shi ya buɗe wata takarda mai suna darni Bismillahir Rahmanir Rahim, ya duba bai ga takarda mai wannan suna ba.

Abin da na manta shi ne cibiyoyi ba halinsu ɗaya ba, ko da yake duk dangi ne. Ta Dakar kalmar farko bayan sunan tafinta take ɗauka, ta zubar da saura a hanya, kamar yaron motar da ke isar da rabin saƙo. Wata da na gani a Faransa kowace kalma ƙullinta daban take yi mata. Wata tsohuwar cibiya ma in layin ya yi tsawo sai ta datse shi inda ƙarfinta ya ƙare. Tamu ta Madarumfa kuwa mai amana ce fiye da kima. Duk abin da ta tarar bayan sunan tafinta, da -f da fili da darni da bisimilla, ta haɗa ta ɗaure a ƙulli ɗaya ta miƙa. Tafinta ya ga -f a bakin ƙulli, ya ɗauka duk abin da ke manne da shi sunan takarda ne, ya tafi nema.

Na yi masa wannan bayani ina share gumi. Taubashina, wanda bai yi dariya ba tun farkon wata, ya kife a kan tebur har batir na motsi. Ya ce ashe Dakar ɗin ma da saura. Ya ce shekara talatin ana biyan bawa kuɗin jirgi, ga abin da ya koyo. Na tuna masa muna cikin ɗaki. Ya ce Yayan ya ƙare tun da inji ya ƙaryata ni.

Aka kira azahar. Muka fita masallaci. Bayan salla ban koma buro ba, na gangara bakin tabki. Ruwa ya cika har ya shiga gindin itatuwa, masunta na jan kwale-kwale, masu lambu na kwashe abin da ya rage kafin ya nutse. Na zauna a kan wani kututture ina tunanin mutumin nan da guga a hannu. Ina ta jera ƙullin a kaina, sunan tafinta, abin da ke bayansa, sunan takarda, ina neman inda zan soka bisimilla ba ta ture kowa ba. Can na ga ashe daga tsakiya nake fara lissafin. Kafin cibiya ta leƙa kusurwar kwali, sai an miƙa mata kwalin. Kuma da suna ake miƙa shi.

Na koma da sauri gwargwadon gwiwa. Na tambaye shi, in ya zauna da safe, mene ne farkon abin da hannunsa ke bugawa don aikin ya tashi. Ya ce ruwa. Na ce wa ya ce dole sunan takardar ya zama ruwa. Suna ne kawai wani ya raɗa mata a Yamai, kuma cibiya ba ruwanta, duk sunan da aka kira shi za ta bi. Mu raɗa mata bismillahi. Da ita zai buɗe aiki, ba a leƙa darni ba, ba a kira tafinta ba, sai ta riga ta fita daga yatsunsa. Wadda ke ciki kuma ba za a goge ta ba, za a ɗaga ta ne a ajiye a layi na biyu, ta zama ƙari.

Ya tambaya ko duk ranar da aka yi rahoto sai an buga ta. Na ce in ba a buga ta ba ko shef ɗin Yamai ya zo ba abin da zai fito. Na ga wannan ta shige shi. Ya ce ni kada in taɓa, shi zai yi. Na nuna masa yadda ake ɗaga layi ba a share shi ba, ya ɗaga a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya ajiye. Ya canza sunan. Ya goge tafin hannu a riga, ya faɗe ta a baki, ya buga ta da yatsa.

Allon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ƙauyuka suka jeru, kowanne da ruwansa. Injin buga takarda ya fara kukansa na ɗan akuya.

Bai yi murna nan take ba. Ya ce, "Babu abin da ke gabanta?"

Na ce, "Daga hannunka babu."

Ya kalle ni ta gefen ido, don ya san ni. Na ga ba zan ci amanarsa sau biyu a mako ɗaya ba, na fara cewa a can ciki, in cibiya ta zo jera wa tafinta ƙulli, sunan tafinta ne dai na farko, sunan takarda sai a na uku. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Wannan tsakaninsa da waɗanda suka ƙera shi. Ni hannuna za a tambaye ni."

Kwanon ya iso kafin la'asar. Ya huce, amma na ci, shi ma ya ci, har muka yi faɗa a kan na ƙarshe.

Alhamis da hantsi motar furoje ta tsaya. Shef ɗin saurayi ne ɗan Yamai, injiniya, mai baƙin tabarau da gaisuwa gajera. Direbansa ya riga ya buɗe bayan mota ya sauko da kwalin da za a sa injin. Ni ina kan benci a kusurwa, a matsayin baƙo. Shef bai tambayi komai ba, ya zauna ya buga ruwa. Inji ya ce bai san wannan ba. Ya cire tabarau ya juyo.

"Shef, ba ka yi bisimilla ba," in ji taubashina, murya a kwance.

Yaron ya ɗan ji nauyi, ga manya biyu a ɗaki, ya faɗe ta a hankali. Taubashina ya ce madalla, saura ya buga ta. Ya buga. Rahoto ya zubo. Taubashina ya ɗauko sauran biyun da muka fitar ranar Laraba ya ɗora masa a gaba, biro biyu a aljihu.

Shef ya tambayi abin da ya faru duk kwanakin nan. Taubashina ya ce inji ne ya tsaya, ya rasa yadda zai yi, ya kira wani tsohon gidansu da ke cewa ya yi aiki a Dakar. Tsohon ya kwana uku yana cin kifi, ya sa shi fifita, da ya taɓa takardar ma sai abin ya ƙara lalacewa. Daga ƙarshe shi da hannunsa ya sa sunan Allah a gaba, aiki ya tashi. Na bi maganar kalma kalma ina neman ƙarya in kama, ban samu ko ɗaya ba. Ya juyo yana kallona da fuskar salihai. Ya san in na buɗe baki na faɗi wanda ya fara taɓa takardar, kwalin nan ba zai koma mota wayam ba.

Na ce, "Haka aka yi."

Shef ɗin ba yaro ba ne a aikinsa. Ya buɗe takardar ya dubi layin farko, ya dubi na biyu, ya daɗe a kan na biyun. Ya ɗago ya dube ni, na dubi rufi. Gefen bakinsa ya motsa. Ya rufe takardar, ya tattara rahotanninsa, ya ce wa direba ya mayar da kwalin, kuma a bar sunan yadda yake.

Kafin ranar kasuwa labari ya kai Safo ya dawo: injin Nasara da ke buron noma ba ya tashi sai an yi masa bisimilla, shef ɗin Yamai ma sai da ya yi. Masu amalanke kan tsaya a taga su ga yadda ake bugawa. Wani liman ya kawo maganar a wa'azi. Taubashina ya riƙe ɗakin har furoje ya nannaɗe tabarmarsa, kuma bai taɓa gyara wa kowa labarin ba. Ni ma ban iya ba. Abin da ya rage mini a gari shi ne tsohon nan da ya ci kifin mutane kwana uku.

Washegarin zuwan shef, ranar Juma'a bayan masallaci, matarsa ta aiko mini da kwano a rufe, da nauyinsa. Na wanke hannu na buɗe. Kawunan karfasa ne guda shida, an soya su da kyau, da yaji da albasa. Saƙon da ya biyo kwanon shi ne maigida na gaisuwa, ya ce rabon bawa ke nan. Na cinye su.